Ƙaramar Mota Mai Tsananin Gudu da Jikin Mai Tuƙa Ta

Gabatarwa

A ranar 16 ga Agusta, 2009, a birnin Balin na ƙasar Jamus, Usain Bolt ɗan ƙasar Jamaika ya yi gudun mita 100 cikin sakan 9.58. A daidai inda gudunsa ya kai maƙura, an ƙiyasta yana tafiyar kimanin kilomita 44 a awa ɗaya. Jimina, wadda ta fi kowane tsuntsu gudu a ƙasa, takan kai kilomita 70. Amma akwai wata ƙaramar mota mai ƙofa huɗu, wadda ba ta fi motar haya girma ba, da direba zai taka mata totur ta kai kilomita 100 kafin sakan 6 su cika, in kuma ya ci gaba da takawa ta ninka haka har da ɗoriya.

Cikin shekaru ɗari da 'yan kai, injiniyoyi sun ninka gudun mota sau da yawa. Idon direba kuwa, da jijiyoyinsa, da haƙarƙarinsa, suna nan kamar na kakansa da ya yi fatauci a kan jaki. Mai irin wannan mota yakan san ƙarfin injinta da iyakar malejinta, amma da wuya ya san tsawon lokacin da saƙo yake ɗauka daga idonsa zuwa ƙafarsa. Wannan darasi zai jera alƙaluman motar kusa da alƙaluman jikin ɗan Adam, domin ɗalibi ya ga inda rauni yake.

Wace Irin Mota Ce?

Salun ita ce mota mai sassa uku: wurin inji a gaba, wurin zama a tsakiya, da but a baya. A cikin ƙananan salun akwai waɗanda aka ƙera musamman domin gudu da iya shan kwana. Ana gane su da inji mai ƙarfi fiye da girman jikinsu, da kusancinsu da ƙasa, da sifirin da shokozoba masu tauri, da tayoyi masu faɗi amma siraran gefe, da manyan birki.

Misalin da ya fi shahara shi ne BMW 3 Series, wadda kamfanin BMW na birnin Miyunik ya fara fitarwa a 1975, mai ƙofa huɗu kuma ta biyo baya a 1983. Samfurin 325i na tsakiyar shekarun 1980 yana da silinda shida da ƙarfin doki kimanin 170, yana kuma wuce kilomita 210 a awa. Samfurin 330i na 2019 silinda huɗu kawai gare shi, amma an haɗa shi da tabo, wato na'urar da ke amfani da ƙarfin hayaƙi ta cusa wa inji ƙarin iska. Da wannan ya kai ƙarfin doki 258, yana tashi daga tsaye zuwa kilomita 100 cikin sakan 5.8, kuma da gangan aka ƙayyade gudunsa a kilomita 250. Kamfanonin Japan ma sun shiga wannan fage, inda Subaru Impreza WRX da Mitsubishi Lancer Evolution suka fito a 1992.

Ya kamata a lura da irin hanyar da aka ƙera motar Jamus dominta. Manyan hanyoyin ƙasar, waɗanda ake kira Otoban, ba su da ƙayyadadden gudu a wurare da dama, sai dai shawarar kada a wuce kilomita 130. Mai tafiya a ƙasa ba ya hawansu, haka mai keke, kuma ba a kasa kaya a bakinsu. Bayan haka doka ta tilasta a riƙa kai mota gwajin lafiya duk shekara biyu. Idan irin waɗannan motoci suka tsufa a Turai, da yawa sukan shigo Afirka ta Yamma ta tashoshin ruwan Kwatano da Legas, su tarar da ramuka, da babura, da garken shanu masu tsallaka kwalta. A Nijeriya dokar hanya ta ƙayyade wa ƙaramar motar gida kilomita 50 a cikin gari, 80 a kan babbar hanya, da 100 a kan tagwayen hanyoyi na musamman. Ke nan fiye da rabin lambobin da ke kan malejin motar ba su da wurin amfani bisa doka.

Inji da Tsoka

Inji da tsoka aikinsu ya yi kama. Inji yana haɗa fetur da iskar oksijin ya ƙona, tsoka kuma tana haɗa sukarin jini da oksijin a cikin ƙwayoyinta. Dukansu suna fitar da iskar kabon dayoksayid da ruwa, kuma mafi yawan makamashin da suka samu yana tafiya ne a matsayin zafi. Shi ya sa mota take buƙatar lagireto, mutum kuma yake yin gumi.

Bambancin yana wajen yawan ƙarfi. James Watt, injiniyan ƙasar Sikotilan na ƙarni na 18, shi ya yaɗa ma'aunin ƙarfin doki, wanda ya kai kimanin wat 740. Ƙaƙƙarfan lebura mai aiki yini guda yana bayar da kimanin wat 75, wato ushirin ƙarfin doki ɗaya. Bisa wannan lissafi, injin mai ƙarfin doki 258 ya yi daidai da ƙarti kusan 2,500 suna turi tare. Duk wannan ƙarfi yana ƙarƙashin tafin ƙafar mutum ɗaya, kuma ƙafar ba ta motsawa sai ƙwaƙwalwa ta aiko mata da umarni.

Daga Ido Zuwa Ƙafa

A ɗauka akuya ta faɗo kan hanya. Haske daga jikinta zai shiga idon direba ya sauka a kan tantanin da ke bayan ido, inda ƙwayoyin gani za su mayar da shi saƙon lantarki. Saƙon zai bi jijiyar gani zuwa sashen ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya. Daga nan wasu sassa za su gane abin da aka gani, su auna nisansa, su zaɓi ko a kauce ko a taka birki. Sa'an nan umarni ya sauko ta cikin laka, ya bi jijiya zuwa tsokar cinya da ta ƙwauri, ƙafa ta ɗaga daga totur ta koma kan birki.

A da masana sun zaci saƙon jijiya ya fi ƙarfin a auna saurinsa. A 1850 Hermann von Helmholtz, wani masani Bajamushe, ya auna shi a jijiyar ƙafar kwaɗo, ya tarar bai wuce kimanin mita 30 a sakan ba. Daga baya aka gano cewa jijiyoyin ɗan Adam mafi kauri, masu lulluɓin kitse, suna kai saƙo har mita 120 a sakan, siraran da ke ɗaukar raɗaɗi kuwa kimanin mita ɗaya. Mafi yawan jinkirin ba a kan doguwar jijiya yake faruwa ba. Yana faruwa ne a mahaɗun ƙwayoyin jijiya, inda saƙo yake tsallakawa ta hanyar sinadari, da kuma wajen yanke shawara. Idan hannu ya taɓa tukunya mai zafi, laka ce take janye shi tun kafin ƙwaƙwalwa ta sami labari. Taka birki kuwa dole sai ya bi ta ƙwaƙwalwa.

A ɗakin gwaji, mutumin da ke jiran fitila ta kunnu ya danna maɓalli yakan ɗauki sakan 0.2 zuwa 0.25. Direban da yake sa ran zai taka birki yakan ɗauki kimanin sakan 0.7. Wanda abu ya zo masa ba zato yakan kai sakan 1.5. Injiniyoyin da ke tsara hanyoyi a Amurka sakan 2.5 suke lissafawa, domin su haɗa da tsofaffi da gajiyayyu. A duk tsawon wannan lokaci mota tana tafiya da cikakken gudunta.

Lissafin Tsayawa

Nisan tsayawa kashi biyu ne: nisan da mota ta ci kafin a taka birki, da nisan da ta ci bayan an taka. Domin mayar da kilomita a awa zuwa mita a sakan, sai a raba da 3.6. Lissafin da ke ƙasa ya ɗauki jinkirin sakan 1.5, da busasshiyar kwalta inda birki yake rage gudun mita 7 a sakan cikin kowane sakan.

A kilomita 50: mita 21 kafin birki, mita 14 bayan birki, jimla mita 35.
A kilomita 100: mita 42 kafin birki, mita 55 bayan birki, jimla mita 97.
A kilomita 150: mita 63 kafin birki, mita 124 bayan birki, jimla mita 187.
A kilomita 200: mita 83 kafin birki, mita 220 bayan birki, jimla mita 303.

Tsawon filin ƙwallon ƙafa kimanin mita 105 ne. Mai gudun kilomita 100 yana buƙatar kusan fili guda kafin ya tsaya, mai gudun 200 kusan fili uku. Idan gudu ya ninka sau biyu, nisan birki yakan ninka sau huɗu, domin makamashin motsi yana ƙaruwa ne da gudu sau gudu.

Mai motar zai iya cewa birkinsa ya fi na sauran motoci, kuma yana da gaskiya. Sabuwar mota irin wannan, da sababbin tayoyi a kan kyakkyawar kwalta, tana iya tsayawa daga kilomita 100 cikin mita 35 zuwa 40 bayan an taka birki. Amma mita 42 ɗin farko ba su ragu da ko taku ɗaya ba, domin su na jijiyar direba ne.

Ga wani misali da ya cancanci a rubuta a allo. Motoci biyu suna jere da juna, ɗaya tana gudun kilomita 100, ɗayar 120, sai duka direbobin suka hangi babbar mota ta lalace a gabansu da nisan mita 97. Ta farko za ta tsaya daidai bayan babbar motar. Ta biyu za ta ci mita 50 kafin a taka birki, mita 47 da suka rage kuma ba su isa ba, saboda haka za ta daki babbar motar da gudun kimanin kilomita 77. Bambancin kilomita 20 a kan maleji ya zama bambancin 77 a wurin karo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa duk ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudun motoci yana ƙara haɗarin mutuwa da kimanin kashi 4 cikin 100.

Yadda Ido da Kunne Suke Ruɗin Direba

Ido ba ya gani tangaram sai a wani ɗan ƙaramin wuri a tsakiyar tantaninsa, wanda faɗin abin da yake kamawa bai wuce farcen babban yatsa ba idan an miƙe hannu. Sauran fagen gani motsi da inuwa yake kamawa. Saboda haka ido yakan yi ta tsalle daga wuri zuwa wuri, sau uku ko huɗu a sakan, ƙwaƙwalwa tana haɗa hoton. Yayin da gudu ya ƙaru, direba yakan kafa ido can nesa a tsakiyar hanya, yaron da ke shirin tsallakowa daga gefe kuma ya fita daga hankalinsa.

Da dare abin ya fi muni. Gajeriyar fitila tana haska kimanin mita 50 zuwa 60 ne, alhali mai gudun kilomita 100 yana buƙatar mita 97. Abin da fitila ta nuna masa, ya riga ya makara a kansa. Idan kuma doguwar fitilar wata mota ta dalle masa ido, sinadarin da ke cikin ƙwayoyin ganin dare yakan lalace na ɗan lokaci, sai bayan wasu sakanni ganinsa ya dawo, kuma lokacin yana ƙara tsawo da yawan shekaru.

A can cikin kunne akwai gaɓoɓin daidaito, masu ruwa da 'yan ƙananan duwatsun alli a kan gashi mai laushi. Suna jin lokacin da mota ta zabura, ko ta ci birki, ko ta sha kwana. Gudun da ba ya canzawa kuwa, ko na kilomita 40 ne ko na 160, ba su da hanyar jin sa. Ƙwaƙwalwa takan kimanta gudu ne daga ƙarar inji, da girgiza, da wucewar itatuwa. Tsohuwar motar haya takan fara kakkarwa da ƙara tun a kilomita 90, wanda hakan gargaɗi ne ga direbanta. Motar da aka ƙera domin Otoban an toshe mata ƙara an kwantar mata da girgiza, sai mai ita ya kai 140 yana jin kamar 80 yake yi. Bugu da ƙari, wanda ya daɗe yana gudu a babbar hanya jikinsa yakan saba, idan ya shigo gari da kilomita 80 sai ya ga kamar rarrafe yake. Maganin wannan ruɗi shi ne duban maleji, domin shi ba ya sabawa.

Ƙuruciya, Barci da Waya

Zaburar mota tana sa jiki ya saki sinadarin adirinalin, zuciya ta ƙara bugawa, ƙwaƙwalwa kuma ta saki dofamin, wanda ke sa mutum ya so maimaita abin da ya ji daɗinsa. Sassan ƙwaƙwalwa masu neman wannan daɗi suna ƙarfafa tun farkon balaga. Sashen da ke bayan goshi, mai auna sakamako da danne zuciya, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. A tsakanin nan matashi yana da kaifin ido da saurin hannu fiye da mahaifinsa, amma ya fi shi saurin ɗaukar kasada, musamman idan abokansa suna cikin motar. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.19 suna mutuwa a haɗarin hanya a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Maza sun ninka mata kusan sau uku a cikin mamatan.

Rashin barci yana ƙara tsawon jinkirin jijiya. Wani bincike da aka buga a 1997 daga ƙasar Ostireliya ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, aikinsa yakan lalace kamar na wanda ke da barasa kashi 0.05 cikin 100 a jininsa. Gajiyayyar ƙwaƙwalwa takan yi gyangyaɗi na 'yan sakanni ba tare da mai ita ya sani ba, galibi tsakanin tsakar dare da asuba, da kuma bayan abincin rana. Gyangyaɗin sakan 3 a gudun kilomita 100 tafiyar mita 83 ce ba direba. Duban waya na sakan 2 kuwa mita 56 ne. Magungunan da ke kashe jiki, irin su kodin da taramol, su ma suna rage saurin aikin ƙwaƙwalwa.

Karo Uku a Haɗari Ɗaya

Duk abin da ke tafiya yana ci gaba da tafiya har sai wani abu ya tsayar da shi. Wannan ita ce ƙa'idar motsi ta farko ta Isaac Newton, kuma ita ta sa kowane haɗari yake ƙunshe da karo uku. Na farko, mota ta daki abu ta tsaya. Na biyu, jikin mutum, wanda ke tafiya da gudun motar, ya daki sitiyari ko gilashi. Na uku, kayan ciki su daki bangon jiki: ƙwaƙwalwa ta bugi ƙoƙon kai, zuciya ta fizgi babbar jijiyar jini da ke riƙe da ita, hanta da saifa su tsage. Shi ya sa mutum kan fito daga mota da ƙafarsa ba jini a jikinsa, alhali yana zubar da jini a ciki. Duk wanda ya yi mummunan karo ya kamata likita ya duba shi ko da ya ce lafiyarsa ƙalau.

Karo a gudun kilomita 50 daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10, wato kamar bene mai hawa uku. A kilomita 100 tsayin ya zama mita 39. Idan gaban mota ya lotse da rabin mita a karon kilomita 50, duk abin da ke cikinta zai ji ƙarfin da ya kai kimanin ninki 20 na nauyinsa. Jariri mai kilo 10 a hannun uwarsa zai zama kamar kilo 200, nauyin buhun siminti huɗu. Babu uwar da hannunta zai iya riƙe wannan.

A ranar 10 ga Disamba, 1954, Kanar John Stapp, likita a rundunar sojan saman Amurka, ya sa aka ɗaure shi a kan wata kujera mai tafiya a kan dogo da ƙarfin roka. Ta kai gudun kilomita 1,017 a awa, aka tsayar da ita cikin sakan 1.4. Jikinsa ya ɗauki ƙarfin da ya kai ninki 46 na nauyinsa, jini ya taru a idanunsa har ya daina gani na ɗan lokaci, amma ya rayu har zuwa 1999. Gwajinsa ya tabbatar da cewa jiki yana iya jure ƙarfi mai yawa idan an ɗaure shi da kyau, aka kuma baza ƙarfin a kan ƙasusuwa masu ƙwari.

A 1959 Nils Bohlin na kamfanin Volvo a ƙasar Suwidin ya fito da bel mai maɗauri uku, wanda ke bi ta kan ƙashin ƙugu da ƙirji da kafaɗa, kamfanin kuma ya bar sauran masu ƙera motoci su yi amfani da shi. A shekarar ce kuma Mercedes ta fitar da mota mai gaba da baya da aka tsara su lotse domin su tsawaita lokacin tsayawa, bisa dabarar Béla Barényi. Bel yana rage haɗarin mutuwar na kujerar gaba da kusan rabi. Wajibi ne igiyar ƙasa ta kwanta a kan ƙashin ƙugu, domin idan ta hau ciki za ta matse hanji da hanta. Jakar iska an yi ta ne ta taimaki bel, kuma ƙarfin buɗewarta yana iya raunata ƙaramin yaro, saboda haka wurin yara shi ne kujerar baya. A Nijeriya Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta ɗaura bel a ranar 1 ga Janairu, 2003.

Zama da Motar Yau da Gobe

Duk ƙarfin inji da na birki ta taya suke isa ƙasa, kuma inda kowace taya take taɓa kwalta bai fi tafin hannu ba sosai. Taya mai siririn gefe tana riƙe kwana da kyau, amma idan ta faɗa rami takan kumbura ko ta lanƙwasa ƙarfen da take kai. Zanen taya shi ke kore ruwa daga ƙarƙashinta, kuma a Turai doka ba ta yarda zurfinsa ya gaza milimita 1.6 ba. A gefen taya akwai lambobi huɗu na ranar ƙira: 2319, alal misali, yana nufin mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana tsufa da zafi da rana ko ba a hau ta ba, don haka tsohuwar taya mai kyakkyawan zane tana iya fashewa a kan gudu.

Birki yana mayar da motsi zafi. Tsayar da mota mai kilo 1,500 daga kilomita 100 yana fitar da zafin da zai tafasa ruwa kusan lita 2, daga kilomita 200 kuwa kusan lita 8. Man birki yana tsotsar laima daga iska a hankali, idan ya yi zafi ruwan ya zama tururi, sai a taka birki ya nutse ba ya kamawa. Wannan ne dalilin da masu ƙera motoci da yawa suke cewa a canza shi duk shekara biyu.

Hayaƙin inji yana ɗauke da kabon monoksayid, iska marar launi marar wari. Sinadarin himogulobin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini yana kama ta fiye da yadda yake kama oksijin sau 200 ko fiye. Alamunta ciwon kai, jiri da barci. Barin inji yana aiki a rufaffen gareji, ko kwanciya a mota da na'urar sanyi alhali salansa ta huje, yana iya kisa. A cikin bututun hayaƙi akwai tukunyar tacewa mai rage wannan guba, kuma cire ta domin ƙarin ƙara ko domin sayarwa cutar da kai ne da maƙwabta.

Motar da aka rufe a rana kuwa zafin cikinta yakan ƙaru da kimanin digiri 20 cikin awa ɗaya, mafi yawansa a rabin awar farko. Jikin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi, kuma idan zafin jiki ya haura digiri 40 ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa. Sauke gilashi kaɗan ba ya hana wannan.

Gwaji a Cikin Aji

Malami zai iya auna jinkirin jijiyar ɗalibansa da rula mai santimita 30. Ɗalibi ɗaya ya riƙe rular daga sama tana reto, na biyu ya buɗe yatsu biyu daidai lambar sifiri ba tare da ya taɓa ta ba. Na farko ya sake ta ba sanarwa, na biyu ya cafke, a karanta lambar da yatsunsa suka kama. Santimita 10 daidai take da sakan 0.14, santimita 20 sakan 0.20, santimita 30 kuma sakan 0.25. A maimaita sau biyar a ɗauki matsakaici. Sa'an nan a sake gwajin yayin da mai cafkewa yake ƙirga daga 100 zuwa ƙasa da bakwai-bakwai, a kwatanta sakamakon biyu. Daga ƙarshe a fita filin makaranta a auna mita 42 da mita 97 da igiya, ɗalibai su taka su da ƙafarsu.

Kammalawa

Ƙaramar mota mai ƙarfi tana da amfaninta. Tana da birki mai kyau, tana riƙe hanya, kuma sababbinta sun fi motocin da kariya nesa ba kusa ba. Sai dai kowane gyara da injiniya ya yi yana fara aiki ne bayan ƙafa ta isa birki. Abin da ke gabanin haka yana hannun mai motar: ya yi barci isasshe, ya ajiye waya, ya ɗaura bel shi da fasinjojinsa, ya bar tazarar aƙalla sakan 3 tsakaninsa da motar gabansa, ya kuma yarda da maleji fiye da yadda jikinsa yake ji. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. A tafiyar kilomita 100, wanda ya yi gudun 120 maimakon 100 minti 10 kawai ya rage.

Tambayoyi

1. Zana hanyar da saƙo yake bi daga ido zuwa tsokar ƙafa, tare da sunan kowace gaɓa.
2. Mota tana gudun kilomita 80 a awa. Mita nawa za ta ci cikin sakan 1.5?
3. Me ya sa gaɓoɓin daidaito na cikin kunne ba sa iya sanar da direba yawan gudunsa?
4. Bayyana karo uku da ke cikin haɗari ɗaya, da gaɓoɓin da kowanne yake shafa.
5. Ta wace hanya kabon monoksayid yake hana jini aikinsa?